Daga Takoradi zuwa Masar ta Kano da Maiduguri: tambayoyi da amsoshi kan abin da tsoffin sojan sama suka tuna

Galibin waɗanda suka yi aikin sojan sama a ƙasashen waje lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sun bar duniya. Wanda ya cika shekara 18 a 1943, a 1925 aka haife shi. Abin da ya rage a hannun iyalai shi ne kaset, hotuna, littafin tashi da ake rubuta kowane tashin jirgi a ciki, da labaran da 'ya'ya suka ji daga bakin iyayensu. Wannan shafi ya tsaya a kan fage guda: hanyar da rundunar sojan saman Birtaniya, wato RAF, ta bi tana kai jiragen yaƙi daga gaɓar tekun Gana zuwa Masar, tana yada zango a Kano da Maiduguri.

Me ya kawo sojan sama Kano da Maiduguri, alhali a hamadar Libiya da Masar ake gwabzawa?

Hanya ce ta toshe. Ranar 10 ga Yuni 1940 Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, cikin watan kuma Faransa ta faɗi. Bahar Rum ta daina biyuwa ga jiragen ruwan dakon kaya na Birtaniya, zagayawa ta ƙarshen kudancin Afirka kuwa tana cin makonni masu yawa, ga dakarun da ke Masar suna neman jirage ido rufe. Sai aka koma ga hanyar da aka riga aka sani. Tun a 1925 Arthur Coningham ya jagoranci jirage uku daga Masar suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, a 1936 kuma kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano.

Dabarar ita ce a kawo jirage a cikin akwatunan katako zuwa tashar jirgin ruwa ta Takoradi, wadda aka buɗe a 1928, a harhaɗa su a can, sannan a tuƙa su a ƙetare nahiyar. Akwatunan farko sun iso ranar 5 ga Satumba 1940, ayarin farko ya tashi kafin watan ya ƙare. Zuwa Oktoba 1943 jiragen da suka bi hanyar sun haura 5,000.

Ina da ina ake yada zango?

Da mil ake lissafi a takardun lokacin, don haka muka bar shi a haka. Takoradi zuwa Legas mil 378, ana iya tsayawa a Akara. Legas zuwa Kano mil 525. Kano zuwa Maiduguri mil 325. Daga Maiduguri zuwa Janaina a Darfur kimanin mil 650, da wurin shan mai a Fort Lamy, wato Njamena ta yau. Janaina zuwa Fashir kimanin mil 200, a gefen duwatsun Jabal Marra masu tsayin fiye da mita 3,000. Daga nan sai Ubayyid da Khartum, sannan a bi Kogin Nilu arewa ta Wadi Halfa da Luksor har filin Abu Suwair kusa da Isma'iliyya. Jimilla kusan mil 3,700, wato wajen kilomita 6,000, cikin kwana shida idan komai ya tafi daidai, da awa ashirin da wani abu a sama.

Mai karatu daga Kano ko Barno zai gane layin nan. Daga Kano zuwa Khartum, hanyar alhazan ƙasa ce, wadda mutane suke shafe watanni ko shekaru a kanta da ƙafa.

Yaya ake mayar da akwatin katako ya zama jirgi?

Nan ne labarin makanikai ya fi daɗewa, domin aikinsu ne dare da rana. Gangar jirgin tana zuwa da injinta a ɗaure, fukafukai da farfela da jela kuma a ware. Da farko a wanke man kiyaye tsatsa da aka shafe sassan da shi. A ɗaga gangar, a saukar da tayoyi, a ɗaura jela da fukafukai. A haɗa wayoyin sarrafa jirgin, a auna ɗaurinsu da iyakar motsin kowane sashe, sannan wani mutum dabam ya sake dubawa ya sa hannu, don waya ɗaya da aka haɗa a juye ta isa ta kife jirgi yana barin ƙasa. A ɗaura farfela, a zuba baƙin mai da ruwan sanyaya inji, a tayar da shi a ƙasa.

Ƙaramin jirgin yaƙi ƙirar Hurricane ana ƙara masa abu biyu. Na ɗaya matatar iska ta Vokes a ƙarƙashin hancinsa, saboda ƙura. Na biyu tankuna biyu a ƙarƙashin fukafukai, kowanne galan 44, wato cikin duro guda ke nan, domin tankunansa na asali ba su kai galan 100 ba. Ana kuma shafa farin fenti a saman bayan jirgin don a hango shi idan ya faɗi a daji.

Saura gyaran kamfas. Ana tura jirgin wani fili nesa da ƙarafa, a fuskantar da shi arewa, gabas, kudu, yamma da tsakaninsu, a kwatanta abin da kamfas ɗinsa ya nuna da na wani kamfas da ke ƙasa, a gyara abin da zai gyaru, a rubuta ragowar kuskuren a kati a manna gaban matuƙi. Daga nan sai tashin gwaji, har da auna yawan man da injin yake sha.

Abin da ya fi ɓata musu lokaci shi ne danshin gaɓar teku, mai shiga kayan lantarkin inji, da akwatunan da suke isowa babu wasu sassa. Da jiragen Amurka irin su Tomahawk suka fara zuwa a 1941, sai ga wata matsalar: notinsu a kan ma'aunin Amurka yake, sifanun Birtaniya ba sa kama shi.

Me ya sa ake tafiya ayari-ayari?

Matuƙin ƙaramin jirgin yaƙi shi kaɗai ne a ciki, hannunsa a kan sanda, ba shi da sararin buɗe taswira ya yi lissafi. Saboda haka ake haɗa kamar jirage shida a ba su madugu, galibi jirgin Blenheim mai inji biyu, wanda yake ɗauke da mai lissafin hanya da mai oba-oba. Kowa idonsa a kan madugu.

Shi kuwa mai lissafin hanya, kamfas ne da agogo da taswira kayan aikinsa, taswirar ma a wurare da dama fili ne fari babu alama. Ƙa'idar da suke aiki da ita ita ce, kaucewar digiri 1 tana jefa jirgi mil 1 gefe a kowane mil 60. Idan iska ta ture ayari da digiri 5 ba a lura ba, a tsawon mil 650 za a tsinci kai fiye da mil 50 daga Janaina, ga mai ya kusa ƙarewa bayan wajen awa huɗu a sama. Shi ya sa a labaransu za ka ji suna ambaton alamomin ƙasa kamar sunayen 'yan uwa: layin dogo daga Legas, gadar Jebba a kan Kwara, ganuwar Kano, Kogin Shari, layin dogon Ubayyid, sai Nilu, wanda da an gan shi hankali ya kwanta.

Mene ne ya fi kayar da jirage?

Yanayi da inji. Daga Nuwamba zuwa Maris hazon hunturu yana tashi sama ƙwarai, har matuƙi ya kasa ganin ƙasa ko jirgin da ke gefensa. Wanda madugu ya ɓace masa a cikin hazo ya shiga uku, don ba shi da abin nemo hanya. A farkon damina da ƙarshenta kuma hadari yakan taso daga gabas ya yi layi kamar bango, faɗinsa ya fi ƙarfin zagayawa, tsayinsa ya fi ƙarfin haurawa. Umarnin shi ne a juya, amma juyawa sai da mai. A Sudan akwai guguwar rairayi da ake kira habub, mai rufe Khartum cikin 'yan mintuna.

Ƙurar da ta tsere wa matata tana gauraya da baƙin mai ta riƙa cin ringi da bawul, injin ya fara shan mai fiye da kima. Zafi kuma ta fuska biyu yake cutarwa. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka jirgi mai cikakken tanki yana bukatar doguwar gudu kafin ya ɗaga, musamman a Janaina da Fashir da suke kan tudu. Sannan injin Merlin na jirgin Hurricane da ruwa yake sanyaya, idan aka daɗe ana jira a ƙasa da shi a kunne sai lagireto ya tafasa. Dalilin tashin asuba ke nan, a sauka kafin rana ta take. Jirage da yawa sun isa Masar suna bukatar babban gyara tun ba su ga fagen daga ba.

Wanda injinsa ya mutu, koyarwar ita ce ya sauka a kan cikin jirgin ba tare da sakin tayoyi ba, don taya tana tuntuɓe da rami ta kifar da shi. Madugu zai zagaya ya rubuta wurin. Shi kuma kada ya bar jirgin: farin fentin nan ana hango shi daga sama, mutum mai tafiya a ƙasa ba a ganinsa.

Ina ake samun mai a tsakiyar daji?

Kano jirgin ƙasa yake kawo mata. Maiduguri sai a mota, don layin dogo bai isa can ba sai 1964. A Darfur daga tashar Ubayyid ake ɗauka a manyan motoci, wani kuma a kan raƙuma. Wani man a duro yake zuwa, wani a gwangwanin galan huɗu mai sirarin jiki, biyu-biyu a akwatin katako, wanda yake tsagewa a hanya ya yi ta yoyo.

Ga yadda shan man yake a ƙaramin zango. An mirgino duro gindin fiffike, an soka masa famfon hannu, mutum biyu suna karɓa-karɓa wajen bugawa. Wani yana kan fiffiken, ƙarfen yana ƙuna har ta cikin takalmi, riƙe da babban mazurari da aka shimfiɗa wa lallausar fata. Fetur yana ratsa fatar, ruwa da tsatsa da rairayi suna tsayawa a kai. Waya tana haɗe da mazurarin da jikin jirgin don kada tartsatsi ya tashi. Idan aka yi gaggawa aka cire fatar, ko aka zuƙe duro har gindinsa inda ruwa yake kwanciya, sakamakon yana bayyana ne bayan awa guda, a inda babu wurin sauka.

Me ya sa labarin ciwo ya fi na yaƙi yawa a bakinsu?

Domin shi suka fi gani. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da mutane da yawa a Takoradi da Legas, har aiki yakan tsaya. Dokar ita ce kwinin kullum, gidan sauro, doguwar riga da dogon wando da takalmi mai rufe idon sawu da zarar rana ta faɗi. Da Japan ta kama tsibirin Java a Maris 1942, inda mafi yawan kwinin na duniya yake fitowa, sai aka koma ga ƙwayar mepakirin, miligiram 100 a rana. Tana mayar da fata ruwan ɗorawa, aka kuma yi ta raɗe-raɗin tana kashe mazakuta. Ba gaskiya ba ne, amma ya sa wasu suna zubar da ita, har aka koma ba da ita a layi a gaban hafsa. Akwai kuma zazzaɓin da ke mayar da fitsari baƙi, mai saurin kisa, da atini daga ruwan da ba a tafasa ba, da ƙurajen zafi. Matuƙin da zazzaɓi ya taso masa a sama, shi kaɗai a jirgi, yana cikin haɗarin da bai gaza na harbi ba.

To, ba su taɓa haɗuwa da abokan gaba ba?

Da wuya. Chadi ta bi ɓangaren Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ci gaba da yaƙar Jamus, ranar 26 ga Agusta 1940 a ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, wanda hakan ne ya sa hanyar ta yiwu. Amma Nijar da Dahomey da Togo suna hannun gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai haɗin kai da Jamus, har Nuwamba 1942. Wanda ya kauce arewa daga Kano ya sauka wajen Damagaram, tsare shi za a yi. Hari guda da kowa yake ambata shi ne na 21 ga Janairu 1942, ranar da wani jirgin Jamus ƙirar Heinkel ya ƙetaro Sahara daga Libiya ya jefa bom a Fort Lamy, ya ƙone ma'ajiyar man jirgi.

Su wane ne matuƙan, kuma yaya suke komawa?

Akwai 'yan Birtaniya da na sauran ƙasashen daularta, akwai kuma 'yan Poland da yawa, waɗanda aka ga shekarunsu sun wuce na karon batta a sama amma gwanaye ne. Wasu sau ɗaya suka bi hanyar, suna kan tafiya zuwa rundunarsu a Masar. Wasu kuwa aikinsu ke nan: su kai jirgi, a kwaso su a jirgin fasinja na BOAC ko na Sabena ko na RAF, su sake ɗaukar wani. Daga Oktoba 1941 wani reshe na kamfanin Pan American ya shigo jigilar, ya gyara filaye da masaukai, a ƙarshen 1942 kuma sojan Amurka suka karɓe aikinsa.

Ina mutanen ƙasa a cikin wannan labari?

Suna ko'ina a aikin, amma da ƙyar ake ganinsu a takarda, kuma wannan yana damunmu. Leburori ne suka sare daji, suka ɗebo marmara da kwanon sarki a ka, suka daɓe filayen. Su ne masu mirgina duro, masu gadi, direbobi, kukuna, kafintoci, masu wanki. A 1944 aka kafa wata runduna ta 'yan Afirka ta Yamma don ayyukan ƙasa na RAF. Littattafan tashoshi sukan ba da adadin leburori, ba sunayensu ba. Baturen da ya kwana ɗaya a Kano zamanin Sarki Abdullahi Bayero ya tuna kasuwar Kurmi da jakar fatar da ya saya. Wanda ya shekara uku yana buga masa famfon mai, labarinsa yana wajen jikokinsa a Fagge ko Yerwa. Idan a gidanku akwai irin wannan, ku ɗauke shi a murya, ku nemi takardar sallama ko lambar aiki idan tana nan.

Mun gaji littafin tashi. Yaya ake karanta shi?

Na matuƙi shi ne Fom 414, na mai lissafin hanya da maharbi kuma Fom 1767. Kowane layi tashi ɗaya ne. Daga hagu za ka ga kwanan wata, ƙirar jirgi, lambarsa, sunan matuƙi, waɗanda ke tare da shi, da aikin da aka fita yi, inda ake rubuta daga ina zuwa ina. A shafin dama awoyi ne, an raba na rana da na dare, na inji ɗaya da na inji biyu. Tashin dare galibi da jan tawada yake. Ƙarshen kowane wata akwai jimilla da sa hannun kwamanda.

Lambar jirgin ita ce mabuɗi: harafi ɗaya da lamba huɗu, ko harafi biyu da lamba uku. Idan lamba ɗaya ta biyo layi bakwai ko takwas a jere daga Takoradi har Masar, kai jirgi ne aka yi lafiya. Idan ta tsaya a Kano aka ga giɓin kwana goma, ko dai jirgin ya lalace ko mai shi ya kwanta asibiti. Makanikai ba su da irin wannan littafi. Sa hannunsu yana kan Fom 700, wanda yake bin jirgin, ba mutumin ba.

Idan labarin tsoho ya saɓa da takarda, wanne za a ɗauka?

Kowanne da inda ya fi ƙarfi. Takarda ta fi riƙe kwanan wata da lamba. Mutum ya fi riƙe abin da ya ji a jikinsa da dalilin da ya sa aka yi abu, wanda magatakarda ba ya rubutawa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗe tafiya uku ko huɗu su zama ɗaya, da musanya Akara da Takoradi, ko Janaina da Fashir. Wannan ba ƙarya ba ce, halin tunani ne bayan shekara hamsin.

Cikin labarin kansa akwai abubuwan da ke nuna lokaci. Hazo yana nufin tsakanin Nuwamba da Maris. Ƙwaya mai sa fata ɗorawa tana nufin bayan an rasa Java. Amurkawa a masauki, daga ƙarshen 1941 ne. Tsoron sauka a Nijar, kafin Nuwamba 1942. Wanda ya ce ya bi layin dogo har Maiduguri, wataƙila reshen Kano zuwa Nguru yake nufi, wanda yake nan tun 1930. Idan mai labarin yana da rai, kada a katse shi don gyara. A bar shi ya kai aya, wata rana a kawo taswira a shimfiɗa, a ce, “Baba, nuna mana inda kuka kwana.” Idan daga bakin ɗansa ake ji, a tambaye shi wanne ya ji da kunnensa, wanne kuma ya karanta daga baya.

A ina ake neman takardun hukuma?

Kowace runduna da tasha tana da littafin ayyukan yau da kullum, Fom 540. Suna ma'ajiyar tarihi ta Birtaniya a Kew, cikin Landan: na rundunoni a rukunin AIR 27, na tashoshi a AIR 28, na sauran sassa a AIR 29. Takardar aikin mutum kuwa ta Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ake nema, ko ta ma'ajiyar Kew idan an riga an mayar da ita can, da cikakken suna, ranar haihuwa, lambar soja, da shaidar rasuwa. Lambar sojan ta fi komai amfani, don sunaye suna maimaituwa. Littattafan tashin da ba a karɓa ba an lalata mafi yawansu a 1960, saboda haka wanda ke hannunku mai yiwuwa ba shi da na biyu.

Wanda ya mutu a hanya, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel tana da sunansa. Sojan saman da ya ɓace a Afirka ta Yamma ba a ga gawarsa ba, sunansa yana jikin dutsen tunawa na Malta, wanda ya ɓace a Sudan ko Masar kuma yana na Alamein a Masar. Game da lambar yabo, Tauraron Afirka ya shafi aiki tsakanin 10 ga Yuni 1940 da 12 ga Mayu 1943, amma bai haɗa da Afirka ta Yamma ba. Matuƙin da ya kai jirgi Masar yana iya samunsa, makaniken da ya harhaɗa jirgin a Takoradi bai samu ba, kuma da yawansu abin ya tsaya musu a rai.

Yaya za a adana littafin da kaset ɗin?

A ɗauki hoton kowane shafi a shimfiɗe, da hasken rana a inuwa, har bango da shafukan ƙarshe inda ake jera tashoshin da mutum ya zauna. Kada a liƙe yagewa da salatif, gam ɗinsa yana cin takarda. Kada a manne shafi cikin roba da zafi, ba ya sake fita. A cire ƙusoshin takarda masu tsatsa, a naɗe littafin a farin ƙyallen auduga, a sa a akwati sama da ƙasa, nesa da bango saboda gara da danshin damina.

Kaset kuwa, a fara juya shi da biro a ga ko zaren yana tafiya. A gwada rediyon da wani kaset marar muhimmanci, don tsohuwar na'ura tana cin zare. A juye shi cikin kwamfuta a karo ɗaya, ba tare da yanke shiru ko tari ba, a rubuta sunan mai magana, wanda ya yi tambaya, wuri da shekara. A ajiye kwafi uku a wurare dabam-dabam, ɗaya a wajen ɗan uwa a wani gari, a kuma riƙe kaset ɗin na asali.